Jar Fitilar Motar Gawa

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na zauna a gaban motar gawa, mita a kan cinyata, ina karanta Ayatul Kursiyyu a ɓoye ba. Ku da kuke ganina yanzu ina yi muku tsawa a kan waya ɗaya da aka ɗaura ba daidai ba, ku sani ni ma an taɓa kunyata ni a wannan sana'a, kuma tsohuwar bas ce ta yi mini. Shekara shida ke nan, tsakiyar damina. Lokacin ni ne babba a ɓangaren wayarin na garejinmu da ke Gyadi-Gyadi. Shekarata goma sha tara ina aikin wutar mota, kaina kuwa ya kumbura, gani nake babu altanetar da za ta iya ɓoye mini ciwonta.

Motar ta wata ƙungiyar unguwa ce a Tarauni. Wani bawan Allah ne ya ba su ita sadaka, suka cire kujerun baya, suka yi wa makara wurin zama. Ba ta fita sai an yi rasuwa. Mai tuƙa ta wani dattijo ne, Baba Sabo, tsohon direban gwamnati da ya yi ritaya. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar gawa a cikinta ba albashi, shi ke wanke ta, shi ke share ta, makullinta yana rataye a wuyansa tare da na ɗakinsa. Mutum ne marar magana. In ka gaishe shi ya amsa, in ka yi shiru ya fi ka shiru.

Saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba, bari in ɗan yi bayani. Batir kamar randa yake, altaneta ce mai zuba masa ruwa. Muddin inji yana juyawa, fambel yana juya altaneta, ita kuma tana mayar wa batir wutar da mota ta sha. In ka ɗora mita a kan lafiyayyen batir mota a kashe, za ka ga sha biyu da 'yan ɗoriya. In inji ya tashi kuma caji yana tafiya, sai ta haura zuwa wajen sha huɗu. In ta ƙi haurawa, to mota tana cin abin da ke cikin randa ne kawai, kuma ba za a daɗe ba za ta tsaya.

Zuwan farko, Baba Sabo ya ce mini mota tana mutuwa a ƙofar maƙabarta, sai an tura take tashi. Na bi tsarin da nake koya muku: batir, kawunan batir, fambel, sannan altaneta. Irin waɗannan bas ɗin injinsu a ƙarƙashin kujerar gaba yake, don haka na ɗage kujerar fasinja, na durƙusa daga waje, na cusa kai. Na tarar fambel ya saki, burushin altaneta ya cinye saura kaɗan. Na canja burushi, na ɗaure fambel. Na ce, "Baba, buga ki, tayar da ita. Yauwa, taka mata." Ya taka totur, mita ta hau sha huɗu. Na kakkaɓe hannu na ce ya tafi, in ta sake mutuwa ya zo ya karɓi sunana.

Bayan sati biyu ya dawo. Bai karɓi sunan nawa ba, gaisuwa kawai ya yi ya miƙo makulli. Na ce to batir ne ya gaji, aka sa sabo. Na auna ko akwai wayar da ke zubar da wuta in mota tana kwance, babu. "Taka mata, Baba." Sha huɗu cif. Zuwa na uku na kwance altanetar gaba ɗaya, na ɗora ta a teburin gwaji, na juya ta, na duba kowane lungu na cikinta. Lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya. A nan ne na fara jin haushin tsohon, wallahi, har na ce masa ko dai yana barin fitilu a kunne ne ya manta. Ya dube ni ya ce, "A'a, Malam Ilya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar Laraba sai ga shugaban ƙungiyar da kansa, Alhaji Namadi, tsohon darakta ne a ma'aikata, har yanzu fayil ba ya barin hammatarsa. Ya ja ni gefe, ƙarƙashin rumfa.

"Malam Ilya, ni ba mai camfi ba ne," in ji shi. "Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, motar nan tana da ciwo ko ba ta da shi?"

Na ce, "Alhaji, a gabana dai ba ta da shi."

"To abin da jama'a ke faɗa ke nan." Ya rage murya. "Ba ta mutuwa sai da gawa a ciki, kuma sai in shi ke tuƙi. Kwanaki ya yi zazzaɓi na sati guda, wani direban tasi maƙwabcinmu ya kai gawa uku, ko tari ba ta yi ba. Yana warkewa ya karɓa, ta mutu da mamaci a tsakiyar titi, sai sauke makara aka yi aka ƙarasa a kafaɗa. Ka san abin da wannan yake nufi ga iyalin mamaci."

Na tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Ya ce wata takwas, tun rasuwar matar Baba Sabo, Goggo Hajara. Wasu na cewa ita ce ba ta bar motar ba. Wasu na cewa shi ne yake da wani abu a jikinsa da matattu ba sa so. Akwai gidan da aka yi rasuwa suka gwammace su nemo a-kori-kura da su kira shi. Har a masallaci, in ji Alhaji, an fara barin 'yar tazara tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. Kwamiti zai zauna jibi bayan sallar Juma'a. In ban samo ciwon a jikin ƙarfe ba, za a karɓe makulli, kuma kowa ya san abin da za a ɗauka a matsayin dalili.

Na yi dariya a lokacin, na ce aljanu ba su san waya ba. Amma da Alhaji ya tafi sai na daina dariyar. Makulli ba wani abu ba ne. Sunan dattijo ne za a binne da ransa, kuma da sa hannuna, tunda ni na ce mota lafiya take. Na aika wa Baba Sabo cewa duk ranar da aka yi rasuwa a kira ni, zan bi motar.

Ba a kai ko'ina ba. Washegari Alhamis aka kira ni, wani tsohon tela ya rasu a Daurawa, za a yi jana'iza bayan La'asar. Na ɗauki mita da dogayen wayoyi da wani batir na gareji mai cikakken caji, na hau a-daidaita-sahu. Na tarar da Baba Sabo a ƙofar gidan rasuwar, inji yana silo a hankali, sigina biyu suna ƙiftawa. Na jona wayoyin mita a batir, na jawo su ta gefen kujera, na zauna a gaba. Babu wanda ya yi takarar wurin da ni. Da can ɗan mamaci ko ƙaninsa ne ke zama a nan, amma ranar kowa kauce wa ƙofar yake yi.

Mita ta nuna sha biyu da ɗigo uku. Inji yana aiki, amma babu caji. Alhali wannan altanetar da hannuna na gwada ta kwana huɗu da suka wuce. Na ce a raina bari in yi shiru in gani.

Aka fito da gawa, aka sallace ta a filin ƙofar gida, aka buɗe baya aka zura makara. Ƙamshin kafur da turare ya cika motar. Hadari ya haɗo ta gabas, garin ya yi duhu-duhu alhali rana ba ta faɗi ba, iska kuma ta ɗauke ɗif. Baba Sabo ya yi bisimilla ya saki kuloci. Jama'a suka biyo mu, wasu a ƙafa, wasu a babura, ba mai magana. Duk ramin da muka faɗa sai kan makarar ya taɓa bayan kujerata, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ban waiwaya ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce jarumta ce ta hana ni ba.

Sha biyu. Sha ɗaya da ɗigo takwas. Baba ya kunna fitilun gaba saboda duhun hadarin, lamba ta ƙara zamewa. Sha ɗaya da rabi. Ina kallon wuta tana tsiyayewa daga motar a kan cinyata, ga mamaci a bayana, ga tsoho a gefena yana motsa leɓe. Na lura da wani abu da ya ƙara tayar mini da tsigar jiki: tun da muka tashi bai kalli dashbod ko sau ɗaya ba. Idonsa yana kan titi, in zai sauke shi sai ya kawar da kai gefe, kamar mai gudun haɗa ido da wani. Ƙarar sigina ta fara ja, tik, sai a jima, tik. A nan ne na fara karatun da na gaya muku.

Muna isa ƙofar maƙabarta injin ya yi tari biyu ya ɗauke. Ba wanda ya taɓa makulli. Baba Sabo ya ce a hankali, "Ta ƙi." Mutanen da suka zo sauke makara na ga suna kallon juna. Wani ya ce, "Kun gani ko?" wani ya ce masa ya yi shiru. Suka shige da gawar, aka bar mu mu biyu a ƙofa, ba abin da kake ji sai kukan kurciya daga cikin bishiyoyi da ƙarar shebur daga nesa.

Na cire batir ɗin motar na sa wanda na zo da shi. Na durƙusa a wurin da na saba, na ce ya buga ki. Ta tashi. Mita ta tsaya a sha biyu, ta ƙi motsi.

"Taka mata, Baba."

"Ba a nan ba."

"Na'am?"

"Mutane na kwance, Malam Ilya. Ba a yi musu hayaniya."

Na ɗago kai na dube shi. "Baba, tun daga gida ba ka taka totur ba?"

"Ni ban taɓa taka mota da ƙarfi ranar ɗaukar gawa ba. Daga fitowata har a binne, a silo nake. In na juyo babu kowa a ciki, na yi nisa da nan, sai in sake ta."

Kai! Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na zagaya ta ɓangarensa, abin da ban taɓa yi ba a zuwa uku. Na ce ya kashe, sannan ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba. Fitilar mai ta kama. Wurin jar fitilar batir kuwa baƙi ƙirin. Na kwanta a ƙasan sitiyari na zura hannu ta bayan dashbod, na laluba, na ji gidan ƙwan fitilar a buɗe, babu komai a ciki.

Ga abin da nake so sababbin cikinku su riƙe. A tsofaffin motoci wannan jar fitila ba gargaɗi kaɗai take yi ba. Altaneta ba ta fara caji da kanta, sai 'yar wuta kaɗan ta shiga cikinta ta tashe ta, kuma haka aka ƙera ta cewa wannan 'yar wutar ta cikin ƙwan fitilar take bi. Ba ƙwai, hanya ta yanke. Sai dai in an taka totur sosai, ɗan maganaɗisun da ya saura a ƙarfenta ya tashe ta, daga nan ta ci gaba da caji har a kashe inji. Direban tasi yana buga ki yake taka mota, shi ya sa ba ta ba shi matsala ba. Ni kuma duk zuwan da aka yi, da bakina nake cewa a taka mata, in warkar da ita kafin in auna, sannan in yi alfahari da sha huɗu. Abin da ɗan koyo na wata uku zai fara dubawa, ni ban duba ba.

Na fito na ce, "Baba, ƙwan nan ba ƙonewa ya yi ba. Cire shi aka yi."

Ya cire hularsa, ya zaro wani ɗan ƙyalle daga cikin naɗinta, ya warware. Ƙwan fitilar ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Ni na cire," in ji shi. "Daren da aka binne Hajara."

Ya ce tun kafin rasuwarta fitilar takan yi ja-ja a hanyar maƙabarta, ba kullum ba, ga wasu mamatan dai. Masu zama a gaba suka fara lura. Magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa, cewa fitilar ba ta kamawa sai ga wanda bai cika da kyau ba. Malamai sun tsawatar, amma ka san mutane, a bar faɗa a fili a ci gaba a zaure. Shi bai yarda ba, bai kuma ƙaryata ba. Ranar da Allah ya karɓi ran matarsa ya ce ba wanda zai tuƙa motar sai shi, kuma bai bar kowa ya zauna a gaba ba.

"Daga ƙofar gida har nan wurin da muke tsaye, Malam Ilya, fitilar nan ba ta mutu ba. Ba ja-ja ba, ja sosai. Ban taɓa ganin ta yi wa wani haka ba." Ya juya ƙwan a tafin hannunsa. "Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Na yi ta bincike a raina me ta yi wanda ban sani ba. Na ce wallahi ba wanda zai sake ganin wannan fitila, a kanta ko a kan wani. In sun karɓi makulli su karɓa. Su ce ni ne, ya fi mini."

Na ce, "Baba, ranar jana'izar Goggo, jama'a da yawa?"

"Ungozoma ce. Rabin samarin unguwar nan a hannunta aka haife su. Titi bai ɗauke mu ba. Sun kewaye motar gaba da baya, da ƙyar nake matsawa, mai tafiya a ƙafa ma yana wuce ni."

"To saurara. Ka tuna burushin da na canja da fambel ɗin da na ɗaure a zuwanka na farko? Lokacin rasuwarta sun riga sun gaji. Altaneta mai irin wannan ciwo tana caji in inji yana gudu, in ya yi ƙasa sosai sai ta kasa, fitila ta kama. Gawar da ba ta tara mutane ba, kana ɗan tafiya, ba ta kamawa. Wadda jama'a suka tare maka hanya, kana rarrafe, ita take kama wa. Ni ba malami ba ne, Baba, ban san abin da ke cikin kabari ba. Amma wannan fitilar na san ta. Ba abin da ta sani game da Goggo sai yawan mutanen da suka rako ta."

Ya dube ni, ya dubi ƙwan da ke tafin hannunsa. Sai ya kifa kansa a kan sitiyari ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin dattijo ya yi ba. Na juya baya na yi kamar ina naɗe wayoyina, ni ma idona ya cika. Kafin masu binnewa su fito na mayar da ƙwan. Ya murɗa makulli fitila ta kama, ya tayar da inji fitilar ta mutu, mita ta hau sha huɗu a silo, ba tare da an taka komai ba.

A hanyar komawa na ce masa zan gaya wa kwamiti ƙwai ne babu, na sa wani, shi ke nan, ba sai an san wanda ya cire ba. Ya girgiza kai. Ya ce ba Hajara kaɗai ba ce. Akwai mutum biyar da ya san fitilar ta kama musu a gaban 'ya'yansu, kuma ya san abin da 'ya'yan suke kwana da shi, tunda shi ma ya ɗanɗana.

Ranar Juma'a aka taru a zauren Alhaji Namadi, har waje an cika, don kowa ya zo ganin yadda za a karɓi makulli. Na yi bayanin ƙwai da totur, na faɗi kuskurena ban rage ba. Sannan Baba Sabo ya miƙe, mutumin da ba ya haɗa jimla uku, ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa. Ya kira sunayen mamatan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk wanda aka ce fitila ta kama masa, jama'a ce ta yi masa yawa. Wani magidanci a bakin ƙofa, ɗan ɗaya daga cikinsu, ya ja babbar rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Shekara biyu, aka ce mini daga baya, bai iya ambaton mahaifinsa a cikin mutane ba. Alhaji Namadi ya buɗe fayil ɗinsa, ya rufe, bai rubuta komai ba. Ya ce, "Baba, ka yafe mana." Ba wanda ya ƙara tayar da zancen makulli.

Tun daga ranar ba na auna mota yadda ni nake so a tuƙa ta. Ina shiga in zauna kusa da mai ita, in ce ya yi yadda ya saba, in rufe bakina. Kuma in mutum ya kawo muku mota ya ce tana yin wani abu da hankali ba zai ɗauka ba, kada ku yi masa dariyar da na yi. Ku tambaye shi yaushe ta fara, ku tambaye shi me ya faru a gidansa a lokacin. Ni na tsallake duba ƙwai ɗaya, dattijo ya ƙara wata biyu yana zargin matarsa da ke kabari.